Kabewar Kaka Da Littafin Jika

Zafin bazara ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas da maraice, iyayenmu kuma sun duƙufa ga sharar gona da kai taki. Saboda haka yau za mu tattauna a kan kabewa, wadda da yawanmu a ƙasar Sakkwato ke kira kabushi. Ba kowace kabewa muke nufi ba. Muna nufin irin gado, wanda ke ɗaure a ƙullin tsumma ko a cikin gora a ɗakin Kaka, ba shi da sunan kamfani, ba a kuma sayen sa a shago.

Akwai dalilin gaggawa. Ƙwayar iri abu ne mai rai, kuma ranta yana da iyaka. Ta kabewa, ko da an adana ta da kyau, takan fara rauni bayan shekara huɗu zuwa biyar, a zafi irin namu ma ba lallai ta kai haka ba. Idan gida ya tsallake damina kaɗan bai shuka ba, ko kuwa tsohuwar da ke kula da irin ta riga mu gidan gaskiya aka share ɗakinta, to shi ke nan, irin ya tafi. Hausawa na cewa kabewar kan kabari, baƙin cikin mai taushe. Irin da ya mutu a cikin gora ya fi wannan ciwo, domin ita ta kan kabari ko ba komai ido yana ganin ta.

Laifin da ake ɗora wa irin gado shi ne wai ba ya bayar da amfani mai yawa. Amma a Sanyinna ko Tambuwal ko Kebbe, da wuya ku sami gidan da aka taɓa zama aka ƙirga abin da tushe ɗaya ya haifa. Yawanci watsa ƙwayar ake yi a gefen juji, ta tsiro a cunkushe, awaki su ci rabi, abin da ya tsira a ce shi ne iyakar ƙoƙarinta. Wannan hukunci ne ba tare da shaida ba. Mu da muke da littafi da biro, mu ya kamata mu kawo shaidar.

Yadda baƙuwa ta zama 'yar gida

Asalin kabewa nahiyar Amurka ne. Masu binciken kayan tarihi sun tono ƙwayoyinta a wani kogo a yankin Oaxaca na ƙasar Meziko, waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000. Mutanen can sukan shuka ta tare da masara da wake a gona ɗaya: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya tsare danshi ya danne ciyawa. Sai bayan shekarar 1492, da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawowa, ta iso Afirka, kamar yadda masara da gyaɗa da rogo da barkono suka iso. Shi kuwa duma, wanda muke yin ƙwarya da ludayi da shi, ya riga ta zama a nahiyarmu da daɗewa.

To, me ya mayar da baƙuwa 'yar gida? Zaɓe ne. Kowace kaka, uwar gida takan lura da kabewar da ta fi garɗi a miyan taushe, wadda cikinta ya fi ja, wadda ta kai tsakiyar rani ba ta ruɓe ba, sai ta ware ƙwayarta. Ta yi haka, 'yarta ta yi, jikarta ta yi. A hankali irin ya saba da ƙasar wurin da gajeriyar daminarsa. Shi ya sa in kun zaga kasuwanninmu za ku ga kabewa kala-kala: doguwa mai wuya, zagayayya mai tsaga-tsaga, mai dabbare-dabbare, mai launin toka. Irin da ya daɗe a jigawa ba lallai ya yi halin wanda ya daɗe a fadamun Kebbe da Kuchi ba. Aikin da masana ke yi a tashoshin bincike, iyayenmu mata sun daɗe suna yin irinsa a bakin murhu, rubutawa ce kawai ba su yi ba.

Jan cikin nan da suke zaɓa yana da amfani ga lafiya. Sinadarin da ke ba shi wannan launi, jikinmu yana mayar da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma raunana garkuwar jikin yara. Jiki ya fi ɗaukar sinadarin idan akwai maiƙo a abincin, ga shi kuwa taushe ba ta rabuwa da gyaɗa. Ƙwayar ma tana da mai da furotin, ana kuma cin ɗanyen ganyen idan an dafa.

Bambancinsa da irin fakiti

Ba mu ce irin da ake sayarwa a fakiti mugu ne ba, wani yana da kyau ƙwarai. Amma ku duba jikin fakitin. Idan kun ga an rubuta F1, ma'anarsa an haɗa iyaye biyu daban ne aka sami wannan iri. Shukar farko takan fito bai-ɗaya, da ƙarfi. In kuka ajiye ƙwayarta kuka shuka baɗi, sai ta rarrabu: wannan ta ɗauko kaka ta wajen uwa, waccan ta wajen uba. Dole ku koma shago kowace shekara.

'Yan ajin kimiyya sun san inda muka dosa. Wannan shi ne darasin Gregor Mendel, wanda ya yi shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana shuka wani wake na Turai a lambun gidan ibada a birnin Brno, ya wallafa sakamakonsa a 1866. A zuriya ta biyu ya ga hali ɗaya yana fitowa sau uku, ɗayan sau ɗaya. Ba shi da wata na'ura ta a zo a gani. Lambu yake da shi, da haƙuri, da littafin da yake rubuta ƙidaya. Shi irin gado, muddin bai gauraya da wani ba, abin da kuka shuka shi za ku girba, shekara bayan shekara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shiri da shuka

Da farko a sami irin. A je a gaishe da Kaka, a ce, "Kaka, don Allah a sam mana irin kabushin nan naki, mu ma mu gwada hannunmu bana." Za ta yi muku tsiya irin ta kaka da jika, ta ce yaushe 'yan boko suka san fartanya, amma za ta bayar. Kafin ku tashi ku tambaye ta a wurin wa ta samo shi, daga wane gari, da wane suna take kiran sa. Ku rubuta a shafin farko.

Sannan a gwada ko yana da rai. A ɗauki ƙwaya 10, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan mako ɗaya a buɗe. Idan 8 sun tsiro, kashi 80 cikin 100 ke nan, iri yana da ƙarfi. Idan 3 ne kawai, to bana ce damarsa ta ƙarshe, sai a ƙara yawan ƙwaya a kowane gurbi.

A zaɓi wurin da rana ke samu sosai, wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da kwatar makewayi. A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, a cika shi da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A tara ƙasar ta ɗan yi tudu, saboda ruwan marka na watan Agusta kada ya kwanta a gindin. Tsakanin gurbi da gurbi a bar mita 2, wato kimanin manyan taku biyu da ɗan ƙari. A sa ƙwaya 3 ko 4, zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu. Cikin mako ɗaya za su fito. Idan sun yi ganye uku ko huɗu, a bar biyu mafiya ƙarfi a cire sauran. Cirewar tana da ciwo a rai, amma cunkoso shi ne ɓarawon farko na amfani.

Lokaci ma abin lura ne. A yankinmu damina takan zauna a watan Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ita kuwa kabewa tana bukatar kwana 90 zuwa 120 kafin ta ƙosa. Kun ga babu rarar lokaci. Da ruwa ya zauna a shuka. 'Yan makarantar kwana su bar wa ƙane ko ƙanwa saƙon shukar, domin wanda ya jira hutun ƙarshen Yuli sai ya yi ban-ruwa da guga a ƙarshe. Wannan aiki kuma na kowa ne, maza da mata, tunda a cikin gida ake yin sa. Idan fili ya yi kaɗan, a ɗora yaɗon a kan rumfa mai ƙwari. Kada a manta da darni ko ƙaya saboda awaki da kaji.

Sirrin yana cikin fure

Nan ne wurin da yawancin amfani ke salwanta, kuma Allah da ikonsa lokacin yakan faɗo a cikin dogon hutu. Tushen kabewa ɗaya yana fitar da fure iri biyu, namiji da mace. Namijin yana kan siririn kara mai tsawo. Macen tana da ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, kamar ƙaramar kabewa. Mazan ne ke fara fitowa, su yi kwanaki suna buɗewa suna zubewa, har mutum ya zaci cuta ce ta kama shukar. Ba cuta ba ce, haka halittarta take.

Kowane fure safiya ɗaya yake yi. Yakan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. A wannan ɗan lokaci dole ƙudan zuma ya ɗebo garin da ke cikin namijin ya kai cikin macen. Idan bai kai ba, ko ya kai kaɗan, ɗan ƙullin zai yi ruwan ɗorawa ya yanƙwane ya faɗi. Idan aka yi ruwa da safe, ƙudan zuma ba ya fita sosai. Idan aka fesa maganin ƙwari da safe, an kashe ma'aikacin da ke yin aikin kyauta.

Maganin wannan yana hannunmu. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, a zaga lambu. In an ga mace ta buɗe, a tsinko namijin da ya buɗe a ranar, a cire masa ganyen furen, a shafa tsinken da ke tsakiyarsa a kan tsakiyar macen a hankali, ta kowane gefe. Aikin bai kai minti biyu ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Idan kabewa ta ƙullu ta fara girma, a sa mata sakaina ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi don kada danshi ya ruɓar da ita. A tushe ɗaya a bar biyu ko uku idan ana son manya. A kuma rufe wasu gaɓoɓin yaɗon da ƙasa, domin sukan yi sabuwar saiwa a nan, su ƙara wa shukar abinci.

Abokan gaba ba su da yawa amma suna da naci. Akwai jan ƙwaro mai cin ganye tun shukar tana ƙarama, a tsince shi da hannu da sassafe a barbaɗa toka. Akwai wani ƙuda da ke huda ƙaramar kabewa ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta cinye ta. A rufe ƙaramar da jakar takarda ko tsohon ƙyalle har fatarta ta yi ƙwari, wadda ta riga ta ruɓe kuma a binne ta da zurfi. Idan farin gari ya bayyana a ganye, a cire waɗanda suka fi kamuwa. Duk wani feshi, ko da na ruwan dogonyaro ne, a bari sai maraice. Gargaɗi ɗaya: kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci sosai, kada a ci, kada kuma a ajiye irinta.

Yanzu sai ƙidaya

Kabewa ta ƙosa idan farce ba ya shiga fatarta, ɗan karan da ke riƙe da ita kuma ya bushe kamar itace. A yanke ta da wuƙa a bar mata karan tsawon yatsa, kada a ɗauke ta da shi, don in ya ɓalle ta nan ruɓa ke shiga. A bar ta kamar kwana 10 a wuri mai iska, sannan a jera a kan katako a ɗaki mai sanyi, kada wata ta taɓa wata. A haka takan yi watanni.

Ga lissafi na misali, don ku ga yadda ake yi. Fili mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi zai ɗauki gurbi 4. Tushe biyu a kowane gurbi, tushe 8 ke nan. A ce kowane tushe ya ba da kabewa 2, an sami 16. A ce kowace ta kai kilo 3, jimla kilo 48. Idan kowace za ta yi miya sau biyu, tukunya 32 ke nan, kuma gidan da ke yin taushe sau biyu a mako ya huta da sayen kabewa har mako 16. Yanzu ku sake lissafin a ce rabin furannin mata sun zube don ba a kai musu gari ba: kilo 24, mako 8. Iri ɗaya, fili ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin kawai wani ya tashi da asuba, wani ya yi barci.

Waɗannan lambobi namu ne na allo. Na gaskiya su ne waɗanda za ku samo. A ja layi a littafi a rubuta ranar shuka, ranar da macen fure ta farko ta buɗe, mata nawa suka buɗe, nawa suka ƙullu, nawa aka girbe, nauyin kowace, da ranar da aka yanka ta ƙarshe. In babu sikeli a gida, a roƙi mai shagon unguwa ya auna, ko a zagaya cikinta da awon tela. Idan ɗalibi a Sanyinna da wani a Dogon Daji da wata a Jabo da wata a Kebbe suka haɗa littattafansu a gaban malamin aikin gona, za a fara sanin wane iri ne ya fi haihuwa a jigawa, wane ne ya fi jure ajiya. Wanda ya yi wannan da hannunsa kuma, tambayar WAEC ko NECO a kan fure da gadon hali ba za ta ba shi tsoro ba.

Ajiye iri don baɗi

Ƙudan zuma bai san katangar gida ba. Yana iya ɗebo gari daga kabewar maƙwabta ya kawo wa taku. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba a ganin gaurayar a kabewar bana, sai an shuka ƙwayarta baɗi. Duma dai ba ya gauraya da kabewa, jinsinsu daban ne, don haka a daina zarginsa.

Mai son iri tsantsa sai ya ƙara ɗan aiki. Da maraice a nemi mace da namiji waɗanda bakinsu ya fara yin ruwan ɗorawa, alamar gobe za su buɗe, a ɗaure bakin kowanne da zare. Da safe a kwance, a shafa, a sake ɗaure macen, a ɗaura jan zare a karanta don shaida. Ya fi kyau namijin ya fito daga wani tushe na irin guda. A yi haka a tushe uku ko huɗu masu lafiya, kada a dogara da ɗaya.

Idan an yanka mai jan zare, a wanke ƙwayar, a zubar da marasa ciki, a shanya a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, har sai ta karye ƙas in an lanƙwasa. A zuba a busasshiyar kwalba da 'yar toka, a rubuta sunan iri da gari da shekara. Sannan a raba biyu, a kai rabi gidan Goggo ko Kawu. In ɓera ko gobara ta ci na gida ɗaya, na ɗayan yana nan.

Manyan ƙasashe ma haka suke yi. A 2008 aka buɗe wani rumbun iri na duniya a cikin dutse a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, inda cibiyoyi ke kai wani ɓangare na irinsu ajiya. A nan gida akwai cibiyar NACGRAB a Ibadan mai adana irin shuke-shuken Nijeriya, da cibiyar IITA wadda tarin irin wakenta ya fi na ko'ina a duniya. Da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Aleppo, a 2015 ta karɓo ajiyarta daga Svalbard, ta shuka a Labanon da Maroko, ta sami sabon iri ta mayar. Ku lura, su ma da ke da ɗakunan sanyi sai da suka koma ga ƙasa. Kuma babu tabbacin irin da ke ɗakin Kaka yana cikin ɗaya daga waɗannan rumbuna. Wataƙila wannan ƙullin tsumma shi ne kaɗai ajiyarsa.

Aikin wannan mako ke nan: a karɓo iri, a rubuta tarihinsa, a sa ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya gwada ya aiko mana da sakamakonsa ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan garinsu da sunan da ake kiran irin, za mu kawo su a nan. In kaka ta yi kuma mu haɗa lissafin girbi. 'Yan aji shida da ke fama da jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.